Na Bar 'Yar Mutane a Zurmi, Kuma Na Ce Yara Su Yi Shiru

Assalamu alaikum Hajiya Salima.

Don Allah ki taimake ni da shawara. Yau sati uku ke nan wani abu ya tsaya mini a rai ya hana ni sakat. Ko jiya sai da na ɗinka wa kaftanin wani mutum aljihu a baibai, abin da ban taɓa yi ba tun ina koyon sana'a. Ni tela ne a Kaura Namoda, shekarata arba'in da shida. Aji huɗu na tsaya a boko, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Sunayen da za ki gani duk na canza su.

Ɗinki ne ya haɗa ni da 'yan sikawut. Akwai wani malamin firamare a unguwarmu, Malam Namadi, shi ya tara ƙananan yara 'yan shekara bakwai zuwa sha ɗaya, yana koya musu fareti da ƙulla igiya da agajin gaggawa kowace Asabar da safe. Ni nake ɗinka musu riguna da ƙyallen wuya. In na kai ɗinki sai in tsaya kallo, daga kallo na koma riƙe masa bakin igiya, daga nan har yara suka saba kirana Baba Tela. Da aka ba mu jihar Zamfara aka ɗebi ma'aikata zuwa Gusau, har da shi. Ranar da zai tashi ya zo shagona da usur da tuta da wani littafi da bangonsa ya cire, ya ce in riƙe masa yaran wata biyu kafin a samu wani. Shekara huɗu ke nan, ba a samu wanin ba.

Ban taɓa zama sikawut ba ina yaro. Littafin ma da Turanci yake, hedimastan firamarenmu ne yake fassara mini shafi-shafi ina rubutawa a bayan takardar awo. Aikin sa kai ne, ba wanda ya ɗora mini. Kuma gara in faɗa miki tun yanzu, ni da matata Rekiya shekararmu goma sha tara da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba don a ji tausayina na faɗa ba. Na faɗa ne don ki gane abin da safiyar Asabar take nufi a gidanmu. Tun daren Juma'a Rekiya take soya gyaɗa tana ƙullawa ashirin da uku, maza sha huɗu, mata tara.

Yaran nan suna da kirki, Hajiya. Kafin damina su suka yashe kwatar unguwa tun daga masallaci har bakin titi. Akwai ranar da kwanon rufi ya yanki wata tsohuwa a ƙafa, yara biyu 'yan shekara goma suka ɗaure wurin suka ɗaga ƙafar sama kafin a samo mashin. Malamin asibiti da kansa ya tambayi wanda ya yi ɗaurin.

Bara da aka ƙaddamar da Shari'a mun yi murna kamar kowa. Amma ba a jima ba wasu iyaye suka fara magana a kanmu. Suka ce gajeren wando ya saɓa, suka ce ana haɗa maza da mata, suka ce alkawarin da yara suke yi suna ɗaga yatsu uku al'adar Nasara ce. Ban yi musu da kowa ba. Na zauna na ɗinka dogayen wanduna sha huɗu a kwana biyar. Matan na yi musu doguwar riga da ɗan hijabi mai launin ƙyallen wuyan. Rekiya ta karɓe su, suna yin nasu a bayan azuzuwa, mu muna filin ƙwallo. Alkawarin kuma na karanta shi da Hausa a gaban liman a zauren mai unguwa: bin Allah, son ƙasa, taimakon mutane, faɗin gaskiya. Liman ya ce bai ga aibu a ciki ba.

Duk da haka wasu suka nace a cire 'yan matan kawai a huta. Nan ne Malam Sodangi ya miƙe. Mai awon hatsi ne a kasuwa, mutum ne da ba ya yawan magana, kuma 'yarsa Mubaraka tana cikin yaranmu, shekararta takwas. Ya ce shi shekara ashirin yana kai wa telan nan yadi bai taɓa ganin an rage masa ko taƙi ɗaya ba, kuma wanda ya riƙe amanar yadi haka, shi ya yarda ya ba shi 'yarsa ko ina za a je. Maganarsa ce ta kashe zancen. Ki riƙe wannan, don shi ne abin da yake cin raina.

Sati uku da suka wuce muka je Zurmi. Akwai wata ƙungiya irin tamu a can, suka gayyace mu makarantarsu wuni guda, a yi gasar fareti da kafa tanti. Mota biyu muka ɗauka. Maza suna tare da ni a bas ɗin abokina Haladu direba, mata suna tare da Rekiya a wata ƙaramar bas. Ba mu yi nisa ba amai ya kama Mubaraka, ga gilashin motarsu ba ya sauka. Sai muka tsaya aka dawo da ita gaban motarmu kusa da taga, haka muka isa.

Wunin ya yi kyau ƙwarai. Yarana suka zo na ɗaya a ƙulla igiya, na biyu a fareti. Kusan ƙarfe uku muka haɗa kaya. Motar mata ta riga tashi. Rekiya ta ƙirga takwas, ta ce ta taran tana gaban motar Malam kamar ɗazu. Ni kuma na ƙirga maza sha huɗu cif, na ce yarinya ta warware ta koma cikin 'yan uwanta. Muka kama hanya yara suna waƙa.

A wani ƙauye da ke tsakiyar hanya muka tsaya sallar la'asar. Rekiya ta tako da ruwa a kofi ta ce in ba Mubaraka ta kurkure baki. Na dube ta, ta dube ni. Nan muka gane Mubaraka ba ta cikin ko ɗaya daga motocin biyu. Kofin ya faɗi daga hannunta. Haladu bai jira na yi magana ba, ya sauke yaran wurin Rekiya, muka juya mu biyu. Abin da na saƙa a raina a hanyar nan ba zan iya rubutawa ba. Ga rijiya a bayan makarantar, ga titi, ga kasuwa.

Da muka isa, tun daga ƙofar makarantar na ji usur sau uku. Ashe lokacin da muke loda kaya Mubaraka ta tafi mayar da butar da ta ara a wani gida, ta dawo ba kowa. Na sha koya musu cewa duk wanda ya rabu da mutanensa kada ya yi yawo, ya zauna inda ya gan su na ƙarshe, ya busa sau uku, ya ƙirga hamsin, ya sake busawa. Ita ce shugabar rukuninta, shi ya sa take da usur. Tana zaune a gindin darbejiyar da muka kafa tuta, fuska duk hawaye ya bushe, amma tana nan. Kusa da ita wata dattijuwar Bafulatana ce mai fura, ta sauke ƙwaryarta tana zaune da ita. Ta ce ta yi ta yi ta kai ta gidan mai unguwa, yarinyar ta ƙi, wai Baba Tela ya ce a zauna wuri ɗaya. Shi ne ita ma ta fasa tallar ta zauna, fiye da awa guda.

Matar nan ta wanke ni tas. Ta ce su ko shanu ba ƙirga su suke yi ba, sunansu suke kira ɗaya-ɗaya su ga fuskar kowace. Na durƙusa na yi mata godiya. Ko sunanta ban tambaya ba saboda ruɗewa.

Da a nan abin ya tsaya da ban rubuto miki ba. Da muka koma wurin sauran yaran, tsoro ya shige ni. Na tuna zauren mai unguwa, na tuna masu jiran a samu dalili. Na tuna za a ce ai dama mutumin da bai haifa ba ina zai san ciwon ɗan wani. Sai na tara su a gefen hanya na ce abin da ya faru yau asirin ƙungiya ne, kada wanda ya faɗa a gida, in an tambaya a ce taya ce ta yi faci. Suka ɗaga yatsu uku suka yi mini alkawari. Rekiya ta juya mini baya ta shiga mota.

Asabar da ta biyo ana karanta alkawari, da aka zo wurin faɗin gaskiya Rekiya ta ce ta lura Mubaraka ta rufe baki. Bayan an tashi yarinyar ta biyo ni shago ta tsaya a bakin ƙofa tana murza ƙyallen wuyanta. Ta ce, “Baba Tela, Inna ta tambaye ni mi ya sa munka daɗe, nic ce taya ta. To wannan ƙarya ta, ko tunda kai kac ce ba ƙarya ta ba?” Na ce ta je gida ana nemanta. Asabar da ta wuce ba ta zo ba, aka ce kanta yana ciwo.

Shekaranjiya kuma Malam Sodangi ya zo shagona da fara'arsa, ya ce ya ji za a yi wa shugabannin sikawut horo na sati guda a Gusau, ya yi magana da hedimasta a sa sunana, shi zai kula da cefanen gidana har in dawo. Ban iya ɗaga kai daga keken ɗinki ba. Ga shi bayan ƙaramar Sallah an gayyace mu Shinkafi, kwana biyu, yara har sun fara ƙirga ranaku.

Haladu ya ce in bar zancen, yarinya ba ta ji ko ƙwarzane ba, in na tona zan rushe aikin shekara huɗu, kuma 'yan matan ne za su fara kwana a ciki. Rekiya ta ce in je in faɗa, tun ranar ba ta ƙara cewa komai ba, sai dai ta ajiye mini abinci ta tashi. Ni kuma wani tunani yake zo mini, in kai wa hedimasta usur da tuta in ce ciwon baya ya hana ni, in janye salin-alin ba tare da kowa ya ji kunya ba. Amma wa zai karɓa? Ba kowa. Ina son yaran nan, Hajiya. Wanne zan yi?

Naki,
Tela Mai Usur, Kaura Namoda.

AMSA

Wa alaikumus salam Malam Tela.

Da farko ka yi wa Allah godiya, ni ma na taya ka. Yarinya ta koma gidan ubanta lafiya, duk sauran abin da ya rage gyaruwa yake yi.

Kuskure biyu ka kawo mini a ƙulli ɗaya, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mantuwar da aka yi a Zurmi babba ce, ba zan rage mata girma ba. Amma irin wadda take faruwa ne ga masu haihuwa da marasa haihuwa. Ni da na haifi shida na taɓa barin na huɗun a gidan suna, sai da na zo raba abinci na ga kwano ɗaya ba mai shi. Don haka ka cire zancen rashin haihuwa daga lissafin nan. Kuma ka lura da abin da ka ba ni labari da bakinka ba ka tsaya ka duba ba: 'yar shekara takwas, a garin da ba ta san kowa ba, ta zauna wuri ɗaya fiye da awa guda tana busa usur, ta ƙi bin ko mai son taimakonta. Wa ya koya mata? Mantuwarka ce ta bar ta a can, koyarwarka ce ta sa aka same ta.

Na biyun ne ya fi damuna. Ka ɗauki kayan da ya fi ƙarfinka ka ɗora wa yara ashirin da uku, mafi nauyinsa a kan Mubaraka. Ciwon kan nan nata ni ban yarda na zazzaɓi ba ne. Yarinya ce da take son ka, take son uwarta, ka sa ta zaɓi ɗaya. Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. Ka koya musu cewa babba yana iya cewa kada a faɗa a gida, su kuma su yi shiru. Kai da zuciya ɗaya ka faɗa, don tsoro. Gobe wani mugu zai faɗa wa ɗayansu kalmomin nan, kuma zai tarar an riga an share masa hanya. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka warware alkawarin nan, ko da ƙungiyar za ta tsaya.

Ban ce Haladu ba shi da hujja ba. Gaskiya ne akwai masu jira, kuma gaskiya ne 'yan matan aka fi saurin cirewa. Mai yiwuwa ka rasa yara biyu ko uku, mai yiwuwa a ce ba mace da za ta je Shinkafi bana. Sai dai shawararsa ta dogara ne a kan yara ashirin da uku su riƙe magana har abada. Malam, ka san yara. Ni ina kyautata zaton wasu gidajen sun riga sun ji. Labarin nan zai isa kunnen Malam Sodangi, abin da ya rage a hannunka shi ne daga bakin wa zai ji. In daga bakinka ne, ka yi mantuwa ka zo ka faɗa. In daga bakin wani ne a rumfar awo, ka ci amanarsa ka bar shi yana yabonka a gaban mutanen da suka san abin da bai sani ba.

Janyewa da sunan ciwon baya kuwa ƙarya ce ta biyu a kan ta farko. Kai za ka huta, yarinyar ta ci gaba da ɗauke da kayanka, kuma ta ɗauka ita ta jawo aka watse.

Ka je gidansa, ba kasuwa ba. Ka tafi da Rekiya, ita ta shiga wurin uwar, kai ka tsaya da uban a zaure. Kafin ku fita ka nemi gafarar matarka, domin ita ma ka sa ta cikin abin da ba ta yarda da shi ba, kuma sati uku tana rufa maka asiri tana jiran ka dawo hanya da kanka. In ka zauna da shi kada ka fara da cewa yarinya lafiya ƙalau, kada ka raba laifin da gilashin mota ko da Rekiya. Ka faɗi yadda aka yi daga farko har batun taya, ka ce kai ka sa 'yarsa ta faɗi haka, don kada a taɓa ta. In ya yi faɗa ka saurara. In ya ce ya cire ta, kada ka roƙe shi ranar, haƙƙinsa ne. Maganar horon Gusau ma ka mayar masa, ka ce ya sake tunani yanzu da ya san komai. Mutumin da ya auna ka shekara ashirin kafin ya yi magana, ban jin zai zubar da kai a wuni ɗaya, amma ka ba shi lokaci.

Asabar mai zuwa ka tsaya gaban yaran ka ce musu ka yi kuskure, ka sauke musu alkawarin, kowa ya je ya faɗa a gida. Ka gaya musu daga yau duk babban da ya ce su ɓoye wa iyayensu wani abu, ko kai ne, wannan abin shi za su fara faɗa. Ita kuma Mubaraka tana bin ka amsa. Ka ce mata e, ƙarya ce, amma laifin naka ne ba nata ba, kuma ta yi daidai da ta tambaya. Sannan a gaban kowa a yaba mata zaman da ta yi a gindin bishiyar nan. Ba na jin akwai darasi a littafin Malam Namadi da zai zauna musu kamar ganin babba ya ce na yi laifi.

Bayan haka ka nemi a koma zauren mai unguwa, kai ka kira taron, kada ka jira a kira ka. Ka je da gyara a hannu. A daina ƙirga kai, a riƙa kiran suna daga takarda, yaro ya amsa a ga fuskarsa, kamar yadda dattijuwar nan ta gaya maka. Mota ba ta tashi sai an haɗa takardun biyu wuri ɗaya. Kowace tafiya kuma a samu uba ɗaya da uwa ɗaya su bi ku. Shekara huɗu kana ɗauke da abin nan kai da matarka kawai, ya isa haka. Masu sukar ma ka gayyace su, wanda ya wuni da yara yana kallon suna kafa tanti da wuya ya koma yana cewa a rufe. Yadda ka bi da maganar wando da hijabi cikin lalama ya nuna mini za ka iya wannan. In an amince da horon Gusau, ka je. In kun sake bi ta Zurmi, ku nemi mai furar nan ku gaishe ta da kyau.

Abu na ƙarshe. Ka ce ka canza sunaye, amma tela nawa ne a Kaura yake yawo da usur? Saboda haka na riƙe wasiƙarka ban ba da a buga ba, na aiko maka da amsar nan ta gidan waya sati biyu kafin ta fito a jarida. Ranar da ta iso hannunka, ka rufe shago bayan la'asar ka tafi.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Malam Sodangi da mai ɗakinsa, ya raya Mubaraka da 'yan uwanta cikin gaskiya. A gaishe mini da Rekiya ƙwarai.

Hajiya Salima.